Murhun indakshin ko na gawayi da baƙin mai: wanne ya dace da mai zubi a Panteka?

Ɗan'uwa, ka ce kana zubin tukwanen alminiyam a Panteka, yanzu kana son ka fara zuba kayan gyaran injin niƙa, shi ya sa kake tambaya ko ka sayi murhun lantarki na indakshin ko ka zauna a kan na gawayi da baƙin mai. Abu biyu za ka duba: irin ƙarfen da za ka narka, da irin wutar da ke zuwa rumfarka.

Alminiyam yana narkewa a digiri 660, gawayi da fankar hura iska sun ishe shi. Jan ƙarfe sai 1085, baƙin mai yana kaiwa nan. Ƙarfen zubi irin na bulok ɗin mota yana neman wajen 1200, a nan murhun mai ya fara wahala. Ƙarfen rodi da na sifirin kuwa sai kusan 1500, wannan kam aikin indakshin ne.

Shi indakshin babu harshen wuta a cikinsa. Bututun jan ƙarfe ne aka naɗe a jikin tukunyar narki, lantarki na bi ta ciki yana haifar da ƙarfin maganaɗisu, zafin kuma a cikin ƙarfen da ka zuba yake tashi. Narkakken yana juya kansa da kansa, sai haɗin ya fito daidai, kuma kana iya tsayar da zafin inda kake so. Ba hayaƙi, ba toka. Wanda ya yini a gaban murhun baƙin mai ya san yadda ƙirji ke kwana, ni wannan ne ya fi jan hankalina gare shi.

Sai dai kuɗin ba a sayen murhun ya tsaya ba. Babba yana buƙatar layin wuta mai fes uku, irin na masana'antu, galibi har da taransifomarka. Narka tan ɗaya na ƙarfe yana cin yunit 500 zuwa 600. A farashin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, da aka sa a watan Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, ka ga ya haura naira 110,000 kuɗin wuta kaɗai.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne ɗauke wuta ana tsakiyar narki. Wancan bututun jan ƙarfen, ruwa ne ke zagayawa cikinsa yana sanyaya shi. In famfon da ke tura ruwan ya tsaya, sai zafin tukunyar ya ƙone bututun, ƙarfen kuma ya daskare a ciki. Dole ka tanadi janareta ko tankin ruwa a sama domin wannan kawai. Murhun gawayi ba ruwansa da wannan, ko fanka ta tsaya, zuga-zugi na nan.

Kayan bola ma akwai bambanci. Indakshin ba ya tace ƙarfe, abin da ka zuba shi za ka kwasa, don haka sai ka ware mai tsatsa da mai maiƙo. Jiƙaƙƙe kuwa, a kowane murhu, fashewa yake yi ya watsa wa mutane narkakken ƙarfe. Ka kula da wannan sosai da damina.

Shawarata, tukwanenka su ci gaba a murhun da ka saba. Kayan injin niƙan kuwa, ka fara kai wa masu indakshin su zuba maka kana biya, har ka ga yawan odar da ke shigowa a wata. In ta kai ta riƙe kuɗin wuta da na janareta, sannan ka nemi rumfa inda layin wuta yake da ƙarfi, irin wajen Kakuri a Kaduna, ka sayi ƙarami tukuna.