Murhun gashi mai murfi, bayan wata shida ina aiki da shi

Wata shida ke nan da na sayi murhun gashin nan mai murfi, irin zagayayyen nan kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, ƙafa uku da taya biyu, faɗinsa santimita 57. Kafin shi raga kawai nake ɗorawa kan garwashi in tsaya ina fifita hayaƙi na shiga ido, kuma kullum labarin ɗaya ne, fatar kaza ta yi baƙi ƙirin amma kana tsaga cinyar ka tarar da jini a jikin ƙashi. Ashe duk rashin murfi ne.

Siffar ba sabuwa ba ce, wani ba'amurke George Stephen ne ya fara ƙera ta a 1952, ya raba tulun ƙarfen da ake sa wa a kan ruwa don yi wa jirage alama gida biyu, rabi ya zama tukunyar wuta ya yi mata murfi. Nawa dai na wani kamfani ne daban amma tsarin ɗaya ne, ƙofar iska a ƙasa, wata a saman murfin.

To a nan daɗin yake. Wuta iska take ci, in ka buɗe ƙofofin duka zafi ya tashi, in ka rage su ya sauka, ba ruwanka da mafici. Ni yanda nake yi, in tara garwashin a gefe ɗaya in bar ɗaya gefen babu komai, naman ya fara shan wuta kai tsaye minti kaɗan har ya yi ja, sai in ja shi gefen da ba wuta in rufe, in juya murfin yanda ƙofar iskar za ta zo saitin naman don hayaƙin ya bi ta kansa kafin ya fita. Kaza guda mai kilo ɗaya da rabi, da gishiri da tafarnuwa da citta da lemon tsami tun daren jiya, awa ɗaya da 'yan mintuna ta yi, kuma wallahi ranar farko da na ɗaga murfin na ga fatar ta yi jawur tana ƙyalli, na sa wuƙa romo ya biyo, sai da na kira mutan gida su zo su gani kafin a yanka. Kitse ma ya daina ɗiga kan garwashi balle wuta ta tashi ta lashe naman.

A 'yar takardar da ta zo da shi harda wata dabara wai a zaunar da kaza kan gwangwanin giya a gasa ta a tsaye. Ni ba na shan giya, ruwa da kayan ƙamshi na zuba a gwangwani na gwada, kuma gaskiya ban ji wani bambanci ba, dalili kuwa gwangwanin yana cikin cikin kazar ne, ita ta kare shi daga zafi, ruwan ba ya tafasa yanda zai ba da tururin kirki, da na ciro shi kusan yanda na zuba yake. Tsayuwar ce kawai ta sa fatar ta gasu ko'ina.

Inda bai burge ni ba, ma'aunin zafin da ke jikin murfin. Zafin iskar da ke can sama yake aunawa, ba na wajen da naman yake ba, ya ruɗe ni sau biyu kafin na gane. Dole na sayi ƙaramin ma'auni mai tsinke da ake sokawa cikin nama, kaza sai ta kai digiri 74 a tsokar cinya ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba, yankan naman sa 63 sannan a bar shi ya huta minti uku, niƙaƙƙen nama kuma 71. Farantin tokar ma buɗaɗɗe ne, iska na kaɗawa toka ta watsu, sannan marikin murfin yana ɗaukar zafi, sai da tsumma.

Gawayi kam ba ya ci da yawa, ana gamawa in rufe ƙofofin duka wutar ta mutu da kanta, gobe in karkaɗe tokar in ƙara sabo kan ragowar. Don Allah duk wanda ya saya kar ya ce ai da murfi bari ya shigar da shi ɗaki ko kicin don ana ruwa, garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari kuma tana kisa, waje ne wajensa ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Kifi ne har yanzu yake manne min a raga, satin nan zan goge ta tas in shafe ta da mai tana da zafi in sake gwadawa.