Hular zari-ruga da na saya: kunne ya tsira, amma kai bai tsira ba

A Katsina in ka ce zari-ruga, wato wasan rugby, kake bugawa, sai an tambaye ka ko wani sabon dambe ne. A Kano na koya ina ɗalibi, yanzu mu 'yan tsiraru ne ke haɗuwa ranar Asabar a wani fili can bayan Ƙofar Ƙaura. Da hunturu filin nan kamar daɓe yake.

Ni a layi na biyu nake tsayawa in 'yan gaba takwas sun haɗa kai za a yi turereniya, wato kaina na shiga tsakanin ƙugun mutum biyu. Kunnena na hagu ya taɓa kumbura har jini ya taru a ciki, sai da aka zuƙe da sirinji. Da na bari, da ya ƙandare ya dunƙule kamar na tsofaffin 'yan wasa. Shi ya sa na sa wani mai shagon kayan wasanni ya yi mini odar hular kariya mai soso da robar kare haƙori. Mako biyu suka iso, farashin ba laifi.

Hular ta yi aikinta a kunne, wata huɗu ko ƙwarzane babu. Sai dai zafi. Kafin a je hutun rabin lokaci, minti 40, gumi ya cika ta, maɗaurin haɓa kuma ya fara saki tun wanki na uku.

Abin da ya ɓata mini rai maganar mai shagon ce: "Yallaɓai, da wannan ko bango ka kara ba abin da zai same ka." Na kuwa ɗauka. Na shiga kamun wani ƙato da kai a ƙasa, gwiwarsa ta same ni a gefen kai. Jiri, amai, kwana biyu hasken waya ma ba na iya kallo. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma soso ba ya hana wannan. Dama dokar World Rugby, hukumar zari-ruga ta duniya, ba ta yarda kaurin hular ya wuce santimita 1 ba. Kwana 21 ya hana ni taɓa ƙwallo, Hajiyarmu kuwa cewa ta yi har abada.

Robar haƙori ita ce kuɗina suka yi halal. Ka tsoma ta a ruwan zafi, ka cije, ta ɗauki siffar bakinka. Ranar nan ma tana bakina, haƙorana duk suna nan. Na sake yin odar biyu, amma ta hannun wani shagon.