Hattara da masu kai 'yan mata aikatau ƙasar waje "kyauta"

Jama'ar Daura da kewaye, musamman iyayenmu mata, don Allah a kula. Akwai masu bin gidaje, wasu kuma ta WhatsApp da TikTok, suna neman 'yan mata da zawarawa da sunan za a kai su aikatau Libiya ko Mali ko ƙasashen Larabawa. Galibi mace ce ke zuwa, an sha lalle da gwala-gwalai, ana ce mata Hajiya. Fasfo da biza da kuɗin mota duk ita za ta biya, in yarinya ta fara ɗaukar albashi sai ta riƙa ragewa.

Wannan bashin shi ne tarkon. Da an tsallaka iyakar Nijar ta Kwangwalam, an bi ta Damagaram zuwa Agadas, an keta sahara zuwa garin Sabha na Libiya, yarinya ta bar hannun wadda ta ɗauko ta, ta koma hannun wanda ya saye ta. A karɓe fasfo, a karɓe waya, a yanka mata bashin da ko shekaru ta yi tana wanke-wanke ba za ta biya ba. Daga nan sai a nuna mata ɗaki a ce ga yadda ake biya. Wadda ta ƙi, duka da horon yunwa, ko a kira gida a ce a turo kuɗin fansa.

Ba kasuwar mutum ɗaya ba ce. Dillali yana nan cikinmu, direba a Nijar, magajiya a Tarabulus, kuɗi kuma ta waya suke yawo, ba wanda ya taɓa ganin wani. Hukumar IOM mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2016 mata 'yan Najeriya sama da 11,000 suka isa Italiya ta teku, ta kuma ƙiyasta kusan kashi 80 cikin 100 ana iya jefa su karuwancin dole. Mun daɗe muna cewa wannan matsalar mutanen Edo ce, alhali ta ƙofarmu ake wucewa da su, yanzu kuma an juyo kan namu. Ga shi tun ƙarshen 2023 sojojin Nijar suka soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, hanyar Agadas ta sake buɗewa.

Kada hoton yarinya a falo mai kujeru ya ruɗe ku, kowa na iya tsayawa a falon wani a ɗauke shi.

In an zo muku da maganar, ku nemi a nuna muku lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da takardar aiki mai sunan uban gida da adireshi da albashi. Wanda ya ce a yi shiru kada mahassada su ji, ko ya ce sai an yi rantsuwa, ko tafiyar ta dare ce ta ɓarauniyar hanya, ku sanar da mai unguwa, ku kai rahoto ga NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, tun yarinya ba ta hau mota ba.