Gidaje uku a kowane fuloti ko dogon bene kusa da tasha?

Hukumar birnin Auckland, a ƙasar Niyu Zilan, ta sha fama da hanyoyi biyu na ƙara wa unguwanni yawan gidaje.

Ta farko ta fito daga wata dokar ƙasa ta 2021, wadda a lokacin ta ba mai fuloti damar gina gidaje uku masu hawa uku ba sai ya nemi izini na musamman ba. Kyawunta shi ne ƙaramin magini ma yana iya shiga, iyali kuma su rushe tsohon gida su fitar da na 'ya'ya a filin gado. Sai dai ginin yakan watsu ko'ina, har inda motar haya ba ta zuwa kuma bututun ruwa ya tsufa. Maƙwabci ya wayi gari katanga ta tare masa rana, shanyarsa ba ta bushewa. Ambaliyar da aka yi a birnin a Janairun 2023 ta ƙara fito da aibin, don an ga hatsarin cusa gidaje a kwari.

Ta biyu, wani tsarin gwamnatin ƙasar na 2020, ta ce a bari a yi aƙalla hawa shida a wuraren da ake iya takawa zuwa tashar jirgin ƙasa ko tsakiyar gari. Mutum ya sauko daga bene ya hau jirgi, ba ruwansa da neman wurin ajiye mota. Amma sai manyan kamfanoni ke da jarin irin wannan gini, kuma yana cin lokaci.

Ni na fi karkata ga ta biyu, muddin an bar wa masu ƙaramin ƙarfi damar hawa uku a unguwannin tudu masu magudanar ruwa ta kirki.