Wane takalmi ya dace da hawa zuwa ɗakin gadin gobara na Dutsen Pilchuck?

Bayan gobarar shekarar 1910 da ta cinye daji kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana, hukumar gandun daji ta Amurka ta duƙufa wajen gina ƙananan ɗakuna a ƙololuwar duwatsu, inda mai gadi yake zama duk lokacin zafi yana duban inda hayaƙi zai tashi. Jiragen sama da na'urori sun karɓe yawancin aikin, ɗakunan da suka rage kuma sun zama wuraren ziyara. Na Dutsen Pilchuck a jihar Washington, kusa da garin Granite Falls, yana cikin waɗanda aka fi zuwa, a tsayin mita 1,620 ko kusa da haka. Hanyar ba ta kai kilomita 9 ba zuwa da dawowa, amma hawan ya kai mita 700, kuma bayan an fita daga cikin itatuwa sai tsirarun duwatsu masu santsi, dusar ƙanƙara kan daɗe a kansu har watan Yuni, a ƙarshe kuma sai an dafa manyan duwatsu an hau tsani kafin a shiga ɗakin. Saboda haka takalmi ne abu na farko da ya kamata mutum ya kashe wa kuɗi.

Takalmin motsa jiki na yau da kullum bai cancanci a tsaya a kansa ba, domin an yi ƙasansa ne don tafiya a kan kwalta. Takalmin gudun daji marar nauyi yana da masoya da yawa, kuma ga wanda ƙafarsa ta saba babu laifi, sai dai yana barin idon sawu a buɗe ga gefen dutse. Babban takalmin fata zalla na masu hawan ƙanƙara kuwa nauyi ne da tsada a kan tafiyar wuni ɗaya.

Wanda nake ba da shawara a kansa shi ne matsakaici, wanda ya rufe idon sawu, samansa haɗin fata da yadi, ƙasansa kuma robar Vibram. Wannan kamfani na Italiya Vitale Bramani ne ya kafa shi a 1937, bayan abokansa shida sun rasa rayukansu a tsaunukan Alps a 1935, kuma rashin takalmin kirki na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Robarsu mai suna Megagrip tana kama jiƙaƙƙen dutse sosai, wannan kuwa shi ake nema a yankin da ruwan sama ba ya nisa. Idan takalmin yana da shimfiɗar Gore-Tex a ciki, wato wani yadi mai hana ruwa shiga, ƙafa za ta tsira daga taɓo da narkakkiyar ƙanƙara, ko da yake tana ƙara zafi a rana mai ɗumi, abin da ni dai na yarda in jure. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar ulu irin wadda za a sa a ranar tafiya, a kuma tabbatar akwai rata kamar faɗin babban yatsa a gaba, domin a gangara ne yatsu suke dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi.

Abin da nake dubawa kafin komai, shi ne tsakanin roba da saman takalmin. Wani shago a intanet ya taɓa sayar mini da takalmi sabo fil a ido, ƙasansa ya ɓare tun ban sauko daga dutse ba. Dalilin sananne ne: da yawa daga cikin irin waɗannan takalma ana yin tsakiyar ƙasansu da wani nau'in roba mai laushi da danshin iska yake cinyewa a hankali, kuma ajiye shi ya fi sa shi a ƙafa lalata shi. Takalmin da ya yi shekaru a kwali yana iya zama kamar tsohon burodi a ciki alhali samansa na sheƙi. Wannan ya shafi masu sayen gwanjo kai tsaye, kuma ya shafi tsofaffin kayan da ake karya wa farashi. A danna gefen ƙasan takalmin da babban yatsa da ƙarfi, a lanƙwasa takalmin, idan an ga tsaga ko gari na zuba ko wurin yana danƙo, a ajiye shi ko nawa aka rage.

Sai kuma jabu, wanda ya cika intanet. Akwai shafukan da suke kwaikwayon na manyan kamfanoni, da sunan da ya ɗan bambanta da na asali, suna tallar rangwamen da hankali ba zai ɗauka ba, kuma kowace lambar ƙafa da kowane launi akwai shi. Kaya na gaske da aka karya wa farashi yawanci ragowar lambobi ne ƙalilan. Alamar Vibram rawaya ce mai kusurwa takwas, a kan na gaske tana zaune daram cikin robar, rubutunta a fili. A kan jabu sau da yawa fenti ne ko liƙi da ke ɗagowa da farce. Takardar Gore-Tex da ke rataye ba hujja ba ce, tun da buga ta ba wuya. A duba ɗinki ko ya miƙe, a duba ko gam ya malalo a gefe, a kwatanta lambar da ke jikin harshen takalmin da ta kwali. Shagon da ba shi da adireshi, ko ya ƙi karɓar kaya idan an dawo da su, ko ya nace sai an tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum, a rabu da shi.

Wanda ya samu na gaske, ya yi makonni yana sa shi a unguwa da kan matakala kafin ranar hawa. Idan kuma tafiyar ta faɗo a watan Yuni, ya haɗa da ƙananan ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa ƙasan takalmi, domin babu robar da ke riƙe daskararriyar ƙanƙara.