Shagon loda memori na Mile 12, waƙoƙi sun yi amma a kula da foldar wa'azi

Masu tambayata inda ake loda waƙoƙin bishara na Hausa a nan Legas, akwai wani ɗan shago bayan 'yan tumatir a Mile 12, mai shi dattijo ne ɗan Filato. Aikinsa tsaf gaskiya, waƙoƙin zumuntar mata daban, na kwaya (mawaƙan coci) daban, ga Littafi Mai Tsarki na sauti tun daga Farawa har Wahayin Yahaya, kuma sai ya kunna maka a sifika ka ji kafin ka biya. Memorinsa ba jabu bane. In an ɗauke wuta dai sai haƙuri.

Abinda ya ɓata min rai yana cikin foldar wa'azi. Wani mai wa'azi ya kama Luka 22:36 inda Yesu yace wanda bashi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya, yana ta ɗaga murya wai lokacin ramuwa yayi, jama'a na amin amin, nan ya tsaya bai gangara aya 51 ba, inda a daren nan dai Yesu ya taɓa kunnen bawan babban firist ya warkar dashi. Matiyu 26:52 ma ya tsallake, wurin da aka cewa Bitrus ya mayar da takobinsa kube. Haba, ayar Allah ce za'a yanke rabi a miƙa wa mai jin zafi?

Ni ɗan Kudancin Kaduna ne, mun binne mutane, ba wanda zai koya min zafin abin. Afisawa 4:26 bata hana fushi ba, zunubi a cikinsa ta hana, Romawa 12:19 kuma tace ramako na Ubangiji ne. Su wa ke sayen memorin nan? 'Yan dako da yaranmu masu okada, abu a kunne tun safe har dare, a unguwar da rikicin Maris 2016 yasa gwamnati ta rufe kasuwa.

Nace wa mai shagon Baba, kun saurari wannan kuwa? Yace shima turo masa akayi, zai zauna ya ji. Ku je ku loda waƙa da Littafi, wa'azi kam kuce ya kunna muku har ƙarshe tukuna.