Montserrat ko Noto Sans: wanne ya fi dacewa da takardar shagonki?

Hajiya, kin tambaya wane salon haruffa za ki sa a fostar shagon atamfarki da takardar farashi, tsakanin Montserrat da Noto Sans. Dukkansu kyauta ne a Google Fonts, shafin Google na salon haruffa, kuma dukkansu cikin haruffan nan suke marasa 'yan ƙafafu a bakin layinsu, irin waɗanda ake gani a fuskar waya. Amma halinsu ya bambanta sosai.

Montserrat wata mata ce 'yar Ajantina, Julieta Ulanovsky, ta zana shi, ya fito a 2011. Ta kwaikwayi tsofaffin allunan shaguna ne na unguwar Montserrat a birnin Buenos Aires, shi ya sa har yau yake da kamannin allon kan titi. Haruffansa masu faɗi ne, "o" ɗinsa kusan da'ira ce cikakkiya, kuma yana da kauri hawa 9, daga siriri kamar zare zuwa mai kauri ƙwarai. Ki rubuta sunan shago da manyan baƙaƙe masu kauri, mutum na kan babur zai karanta. Sai dai faɗin nan yana cin wuri. Idan kika jera atamfa da leshi da shadda da farashinsu a ƙaramar takarda, layi zai cika tun ba ki gama ba, ido kuma ya gaji.

A nan ne Noto Sans ya fi shi. Bai da ado, ya fi tsukewa, kuma ko an ƙanƙanta shi yana karantuwa. Google ne ya sa aka yi shi don ya ɗauki rubutun harsunan duniya. Sunansa ma daga "no tofu" ne, wato kada a sake ganin akwatin nan fanko da ke fitowa a madadin harafin da salon bai sani ba.

Wannan akwatin shi ne damuwata, domin mu muke shan wahalarsa. Noto Sans yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Na taɓa kai aikin katin walima wurin wani mai buga takardu, aka fito da shi duk ƙ ɗin sun zo da wani salo daban, sirara a tsakiyar haruffa masu kauri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Don haka kafin ki biya kuɗin bugu, ki sa a rubuta "Ƙofa, ɗinki, ɓawo" da Montserrat ɗin da ke kwamfutar mai bugun, ki duba lanƙwasar kowane harafi da idonki.

Ni dai da ni ce, sunan shago da Montserrat mai kauri, idan ya ci wannan gwajin, sauran bayani da lambar waya da farashi duk da Noto Sans.